Baƙuwa A Cikin Laftop Ɗina

Jama'a ku gyara zama, yau ba zancen lalle da anko na kawo muku ba. Zancen laftop ne, da yadda ta nemi ta haɗa min aiki da aure ta cinye a sati guda. Wanda ya shigo don ya karanta kalaman soyayya ya yi haƙuri. Saurayina injiniya ne, ko gaisuwa zai yi sai ya haɗa da ƙarin bayani.

Ga waɗanda yau suka fara bina, ni ce Mashkura, 'yar Alhaji Sadisu mai tayil a Karu. Zariya ce tushenmu, amma a Kurudu na girma, a gidanmu mai baƙin get da bishiyar gwaibar da ba ta taɓa 'ya'ya ba. Shekarata ashirin da shida. Na karanta ilimin kula da ɗakin karatu, na yi bautar ƙasa, na dawo gida na zauna shekara biyu ina tura takardun neman aiki, ko amsar gaisuwa babu. A cikin shekara biyun nan Umma ta je bikin 'ya'yan ƙannenta uku, kuma duk lokacin da ta dawo sai ta dire min robar rabon biki a gabana, mai hoton amarya da ango, ta wuce ba ta ce uffan ba. Wallahi robobin nan sun fi faɗa ciwo.

Sai abu biyu suka faɗo min a sati ɗaya. Wata hukumar gwamnati mai neman masu adana takardu ta turo saƙo cewa na tsallake zagayen farko, ranar Asabar ƙarfe goma zan rubuta jarrabawa daga gida a kan laftop ɗina, da wata manhaja da za ta riƙa kallona ta kyamara don kada in saci amsa. Ranar Lahadi kuma iyayen Badaruddeen za su taso daga Zariya tambayar aurena. Ni Asabar nake lissafi, Umma Lahadi. Tun ranar Litinin ta sa aka kawo kaji aka ɗaure a bayan kicin.

Badaruddeen ɗan aminin Abba ne, yana sashen kwamfuta a wata ma'aikatar tarayya. Dogo ne, da gilashi, da kaftani mai karin guga kamar zai yanki hannu. Umma ba ta iya faɗin sunansa, sai dai Injiniya, kuma tana faɗa tana gyara zaman mayafi. Ni dai ban ƙi shi ba, kada in yi muku ƙarya. Yana da kirki, irin kirkin mutumin da ya riga ya san abin da ya dace da ke tun kafin ki buɗe baki.

Laftop ɗin kuwa Abba ne ya sayo min ta hannu. Ilimina a kanta bai wuce in kunna, in buɗe wurin rubutu, in kalli fim ba, don ko aikin kammala digirina a shagon buga takardu aka buga min. Windows ne a kanta, kuma tana da nawar tashi, kafin ta gama farkawa na dafa shayi na shanye. Amma mun saba, na san halinta ta san nawa.

Ranar Litinin bayan La'asar ya zo hira. Ina falo ina koyon saurin rubutu da yatsu biyu, sanye da wata tsohuwar doguwar riga, Umma ta kore ni ɗaki na sauya zuwa atamfa ruwan ganye da mayafi ruwan madara. Da na fito da tiren zoɓo da cincin, na tarar da shi ya ja laftop ɗin gabansa yana kallonta yadda likita ke kallon mara lafiyar da aka makara kawowa.

"Har yanzu Windows kike amfani da shi?"

Na ce shi na tarar a ciki.

Ya cire gilashi ya goge. Duk wadda ta san Badaruddeen ta san in ya goge gilashi, to zoɓo zai huce sanyinsa. Ya ce abin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda komai ke hawa kansa, iri uku ne manya, kuma mutanen duniya ma kashi uku suka rabu. Windows na gama-gari ne, masu buga wasiƙa a ofis su jira a tashi. Mac na masu kuɗin da ya yi musu yawa ne, a je gidan shan kofi a Wuse a buɗe don a ga tambarin tuffa. Linux kuma na masu tunani ne, kyauta ake samunsa, ba nauyi, ba ƙwayar cuta barkatai, shi ke riƙe da manyan injinan duniya. Ban tambaye shi kashin da yake ciki ba, don na ga yadda ya dafa ƙirji.

"Matar injiniya ba ta zama da Windows," in ji shi. "Abokaina za su yi min dariya."

Na ce ina da jarrabawa Asabar, a bari in gama tukuna. Ya ce ai saboda jarrabawar ma ya kamata, za ta riƙa gudu kamar sabuwa. Umma, wadda ta ce tana kicin amma inuwarta na jikin labule, ta leƙo ta ce, "Ki ba Injiniya mana ya gyara miki. Wasu suna neman mai kula da su ba su samu ba." Haka ya naɗe cajar a hannu ya fita da laftop ɗina a hammata, ni kuma na bi shi da Allah ya kiyaye hanya kamar wadda aka yi wa alheri.

Ranar Laraba ya dawo da ita a cikin sabuwar jaka, har da ɗan kati mai hoton fure. Zan faɗi gaskiya ko a kan maƙiyina, laftop ɗin ta tashi kafin in gyara zama. Fuskarta ta sauya, komai tsaf, ga takarduna da hotunana ya jere min su a wuri guda. Umma ta sa albarka har sau uku, ta ce wannan ai kyauta ce ta gani-da-ido, ta ƙara masa da dambun nama a roba.

Bayan ya tafi na buɗe saƙon hukumar don in sauke manhajar jarrabawa. A ƙasan saƙon, da ƙananan baƙaƙen da ban kula da su ba tun farko, an rubuta cewa manhajar tana aiki ne a kan Windows ko Mac kawai. Na ce bari dai in gwada ko da rabo, na shiga lalube ina danna duk abin da ya yi kama da mafita. Sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirrin mai gida. Na sa tawa, wadda ya ba ni a rubuce a bayan katin fure. Akwatin ya girgiza kai. A sama na ga sunaye biyu, Badaruddeen a matsayin shugaba, Mashkura a matsayin mai amfani kawai.

Na ɗauki waya na rubuta masa.

Ni: Salam. Tana neman fasawod ɗinka.

Shi: Me kike son sakawa?

Ni: Abin jarrabawa.

Shi: Turo min in duba tukuna. Na rufe ne don kada ki ɓata wani abu, my dear. Ke sabuwar shiga ce.

Ni: Laftop ɗina ce fa.

Shi: Tamu ce.

Ya biyo da hoton zuciya ja guda biyu. Na zauna ina kallon zukatan nan, raina yana tafasa. Laftop ɗin da ubana ya saya da guminsa, a ɗakina, a kan gadona, ni ce baƙuwa a ciki, sai na nemi izini daga ofishinsa na Sakateriya kafin in motsa.

Ranar Alhamis da yamma ya zo da kansa, da shadda ruwan sararin samaniya da hula zanna, ya ce minti biyar ya ishe shi. Da zai sa kalmar sirrin sai ya kare madannan da tafin hannun hagu, yadda ake yi a gaban injin cire kuɗi in an ga ɗan iska a baya. Ɗan iskan kuwa ni ce, ina riƙe masa da kofin ruwa. Ya buɗe wani baƙin allo ya shiga zuba rubutu, fararen layuka suna ta gudu sama. Umma ta leƙo ta gani ta ce tabarkalla, ilimi dai ilimi ne. Minti biyar ya zama awa biyu. Manhajar ta buɗe sau ɗaya, ta ce ba ta ga kyamara ba, ta rufe. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Ya zagi hukumar, ya zagi wanda ya rubuta manhajar, ya ce ƙasar nan ba za ta ci gaba ba sai ranar da aka daina bautar Windows.

Na ce to a mayar min da na da.

Ya dube ni kamar na ce a mayar da shi aji ɗaya. Ya ce ba ya gina abu ya rushe. Na ce ya ara min tasa, ya ce ita ma Linux ce, ta ofis kuma ba a fita da ita. Ƙawata Lubna tana da laftop, amma ita ma jarrabawar za ta rubuta a lokaci ɗaya da ni. Shagon kwamfuta kuma ba zai yiwu ba, an ce sai ɗakin da babu kowa.

"Kada ki damu kanki," ya ce yana mayar da hula. "Aikin adana takardu ne fa. In mun yi aure zan duba miki abin da ya dace da ke."

Shekara biyu ina jiran saƙo ɗaya, ya share shi da baki kamar ƙura a kan tebur. Ban yi kuka a gabansa ba. Na raka shi get, na dawo na shiga banɗaki na sakar wa famfo ruwa, na yi abina.

Da na fito na sami Umma a kicin tana tankaɗen fulawa, na ce gobe zan kai laftop ɗin a cire abin da ya sa. Ta ajiye rariya. Ta ce in kuskura in gani. Ta ce mutum ya ɓata dare biyu yana yi min hidima, in je in ba wani ƙato a kasuwa ya goge, ai wannan mari ne, kuma maza ba sa manta irin wannan. In yi haƙuri zuwa Lahadi a karɓi goro a sa rana, bayan nan in na ga dama in wanke laftop ɗin da omo. Na ce Umma jarrabawar Asabar ce. Ta ce jarrabawa ana sake yi, amma ɗan mutunci mai aikin gwamnati ba kullum yake ƙwanƙwasa get ba. Abba kuwa ban ko tunkare shi ba. Shi a wurinsa laftop da talabijin da na'urar ɗumama abinci duk abu ɗaya ne, kayan wuta.

Ranar Juma'a da safe na ce zan je karɓo ɗinki. Ƙarya na yi, Allah ya yafe min. Na zura laftop ɗin a jakar sallaya, na sa baƙar abaya, na hau mota zuwa Karu, daga nan na shiga cunkoson hanyar Nyanya wanda ke tsufar da mutum a zaune. Sai wajen sha ɗaya na isa Banex, inda masu gyaran waya da kwamfuta suke. Tun daga bakin get maza suka yo min caa, kowa hajiya kawo, hajiya me ya lalace. Na kutsa har bene na biyu, na hango wata mata ita kaɗai a wani ɗan shago, da gilashi a goshi, tana cin gyaɗa tana kwance cikin wata kwamfuta. Sunanta a rubuce a jikin ƙofa, Helen. Na shiga don na gaji da injiniyoyi maza.

Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk kai ne. Na zayyana mata komai, har da abin da ba ta tambaya ba. Ta kunna laftop ɗin, ta ga sunayen nan biyu, ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Oga ɗinka ya iya aiki," ta ce. "Aiki mai kyau ne. Amma my sister, kai me kana so ka yi da shi?"

Tun da aka fara maganar laftop ɗin nan ba wanda ya yi min wannan tambayar, har na rasa ta inda zan fara. Na ce jarrabawa gobe. In na ci, aikin ofis, rubutu da jera takardu. Sai fim in na gaji.

Ta ce to magana ta ƙare, Windows ne nawa, ba don ya fi sauran ba, sai don shi ofisoshi suka fi amfani da shi, shi na fara sabawa da shi, kuma in ya rikice ko a Kurudu zan sami wanda zai duba min. Ta nuna min wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ta ce ita kanta Linux ne a kai, shekara da shekaru tana mata aiki ba ta taɓa ba ta kunya ba. Ta ce Linux ya dace da masu rubuta manhaja, da mai tsohon inji da yake son ya farfaɗo da shi, da duk wanda ke jin daɗin kwance abu ya ɗaura. Ko sabon shiga zai iya da shi, in abin da yake buƙata yana hawa kai. Mac kuma tana ba masu haɗa bidiyon biki da masu zane shawara su saya in aljihunsu zai ɗauka, yana da sauƙin sarrafawa, sai dai in ya lalace gyaransa ba wasa ba. Akwai ma wasu ƙananan kwamfutoci da komai nasu a intanet yake, tana sayar wa iyaye don 'yan makaranta, amma ba ta ba wanda datarsa ke yankewa rabin wata.

"Mutane suna zuwa nan suna faɗa kamar ƙwallo," ta ce tana ɓare gyaɗa. "Wannan ya fi, wancan ya fi. Ni ina tambaya aikin mutum, shi ke nan."

Daga nan ta kawo min mafita wadda na tabbata da Umma na wurin sai ta rungume ta. Ta ce za ta iya raba cikin laftop ɗin gida biyu, ta bar na Badaruddeen yadda yake, ta sa min Windows a gefe. In ya zo ya kunna zai ga kayansa da sunansa, ni kuma in shiga nawa in rubuta jarrabawa. Ba wanda zai ji haushi.

Jama'a, na yi tunani. Na ga kajin Umma, na ga robobin biki, na ga fuskar Abba in amininsa ya kira shi da ƙorafi. Sannan na hango kaina bayan shekara goma, ina da ɗan lungu a gefen rayuwar wani, ina shiga a ɓoye in ya fita aiki.

"Goge shi duka," na ce.

"Ka tabbata? Oga zai yi fushi."

"Goge."

Ta kwashe min takarduna da hotuna a wani ɗan filashi na ajiyar bayanai, ta ce lasisin Windows ɗin da laftop ɗin ta zo da shi yana nan a jikin injin, zai dawo da kansa. Ta cire tarkacen da ke sa ta nawa tun farko, ta sa manhajar jarrabawa, muka gwada, fuskata ta fito a kyamara da maiƙo da gumin Nyanya. Da aka zo wurin sa kalmar sirri sai ta juyo min da madannan, ta juya kujerarta ta fuskanci bango tana ci gaba da cin gyaɗarta. Na rubuta da yatsuna biyu. Abin kunya, a nan ne hawaye suka zubo min, a shagon matar da ban taɓa gani ba.

Na dawo gida da La'asar ba ɗinki. Umma ta kalli jakar sallaya ta kalle ni, ta ce telan ya mutu ne? Na ce bai gama ba. Daga yadda ta riƙa buga murfin tukunya na san ta gane.

Ranar Asabar ƙarfe goma saura na kulle ɗaki, na sa farin hijabi don kyamara ta ga mutuniyar kirki, na yi bisimilla. Tambaya sittin. An ɗauke wuta a ta ashirin da uku, batir ya riƙe ni har ƙarshe. Wasu na sani, wasu na cika da addu'a. Da na danna turawa, allon ya ce an karɓa, sai na kwanta a kan tayil ɗin Abba mai sanyi na yi minti goma ina kallon silin. Ban san ko na ci ba har yanzu. Amma na rubuta.

Bayan La'asar gidan ya cika da ƙamshin suyar kaji da cincin. Badaruddeen ya zo don su tsara da Abba yadda za a karɓi baƙin gobe. Suna falo, Abba da farar jallabiya da carbi, shi da sabon yadi ruwan ƙasa. Aka kira ni in kawo ruwa. Ina ajiye tire na ji yana ba Abba labarin irin aikin da ya yi wa laftop ɗina, yana cewa yanzu ko a ma'aikatarsu ba mai irinta. Ya ce in ɗauko ya nuna wa Abba.

Na tsaya. Abba ya ce ɗauko mana. Na ɗauko.

Ya buɗe da murmushi, ya danna. Murmushin ya tsaya a inda yake. Suna ɗaya ne a allon, Mashkura, da ɗan akwati a ƙasa yana jira. Ya buga kalmarsa duk da haka, har sau biyu, akwatin ya ƙi.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni na kai aka mayar min. Na rubuta jarrabawata da safe."

Ya cire gilashi, amma wannan karon bai goge ba. Ya ce wa Abba, cikin ladabin da ke rawa, wannan ita ce matsalar, ya yi abu don kare ni, na kwasa na kai kasuwa ba da saninsa ba. Ya turo laftop ɗin gabana ya ce in sa kalmar in kuma faɗa masa, zai tafi da ita ya gyara ɓarnar da aka yi.

Na ce a'a.

Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar, har ni kaina na ji kalmar baƙuwa a bakina. Ƙarar suya ta tsaya a kicin. Inuwar Umma ta dawo jikin labule, da matsami a hannu.

"Abba ka gani ko," in ji shi. "In a kan laftop ba za ta bi tsarina ba, ina ga gida? Gaskiya in haka ne, sai an sake duba zuwan su Baba gobe."

Ya faɗa ne don a tsorata, kuma an tsorata, don na ji salatin Umma ta bayan labule. Abba ya ja carbinsa. Sannan ya tambaye shi, a hankali, lokacin da tasa kalmar ce a ciki, ya ba ni? Badaruddeen ya ce ai ni ban iya ba, zan ɓata. Abba ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin siminti. Ya zaro wayarsa daga aljihu ya ɗora a kan murfin laftop ɗin.

"Ni ban san Windo ba, ban san ɗayan ba," ya ce. "Abin da na sani, mun tsara Lahadi ni da mahaifinsa da uwarki, ban tuna na zaunar da ke ba. Mutane za su taso daga Zariya da asuba. Su taso, ko su zauna?"

Umma ta yaye labule ta ce Alhaji wace irin tambaya ce wannan, kaji goma sha biyu na cikin mai. Abba bai waiwaya ba. Badaruddeen yana kallona da tabbacin wanda bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Na ji tausayin Umma har cikin raina, na ji tsoro.

"Su zauna, Abba."

Matsamin Umma ya faɗi a kan tayil. Abba ya ɗauki wayar ya kira amininsa, ya sa a lasifika yadda ya saba, don ba ya yarda da maganar da ba a ji a fili. Bugu biyu aka ɗauka, da hayaniyar mota da dariyar dattawa.

"Alhaji Sadisu, surukina. Ai mun yi muku ba-zata, mun ce gara mu kwana a Abuja. Ga mu a Zuba, mota biyu, da goro da alewa. A gaya wa amarya ta fara shiri."

Badaruddeen ya mayar da gilashinsa, murmushin ya fara dawowa. Umma ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Abba ya kalle ni, ya miƙo wayar har saitin bakina.

"Alhaji ga ta nan," ya ce. "Mashkura, maimaita abin da kika ce."

Na gaishe da Baba da ladabi, na tambaye shi hanya. Sannan na maimaita, da muryar da na tabbata har mota ta biyu an ji.